Zakaran Maiduguri da Rawanin Modibbo

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Damilu ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, Fulanin Yola ba za su bar ni ba. Yau ga furfura ta cinye mini kai, amma in na shiga taron suna ko ɗaurin aure sai na ga wani tsoho ya dafe rawaninsa da hannu biyu yana cewa, "Jama'a a yi hattara, zakaran Maiduguri ya iso." Sai in yi yaƙe in nemi gefen tabarma in zauna. To gara in ba da labarin da bakina, tun da kowa ya ba da shi da nasa, har da waɗanda ba a haifa ba a lokacin.

Zamanin nan ne da aka mai da mu Jihar Arewa maso Gabas, komai sai an je Maiduguri. Ni Babarbare ne. Kakana ya zo daga Borno da allo da tawada ya zauna a unguwar Limawa a Jimeta, mahaifina ya gaje shi a karantarwa, ni kuma aka sa ni boko. Da na gama aka tura ni kwas a Maiduguri, na dawo ƙaramin ma'aikaci a ofishin jin daɗin jama'a na Jimeta, aka ce aikina samarin da suka fara kangarewa.

A can Maiduguri ne ciwon ya kama ni. Wata rana a silima, kafin a sa fim, aka nuno damben Turawa na ɗan lokaci kaɗan: fitilu farare, igiya, mutane biyu suna rausaya kamar ba ƙasa suke takawa ba. Na fito ban san abin da fim ɗin ya ƙunsa ba. Kashegari na tsinci wani tsohon littafin koyon dambe a kasuwa, ba bango, rabinsa gara ta ci, na saya. Tun daga nan na shiga naushin iska a gaban madubi. (Ka sani, mai karatu, ni a duniya ban taɓa dukan kowa ba. Ko kaza za a yanka a gidanmu, sai in tuna ina da aiki a waje.)

Ranar da na kama aiki, masinjan ofis ya ga littafin a kan teburina ya ce, "Malam, kana dambe ne?" Da na ce a'a, da yau ina zaune lafiya. Sai bakina ya ce, "Eh to, na ɗan taɓa." Kafin sati ya zagayo, "na ɗan taɓa" ta zama na yi gasa. Kafin wata, na kayar da wani soja a Maiduguri. Ban faɗa ba, amma ban ƙaryata ba. Gaskiya ma, daɗi nake ji. In ina tafiya kan kekena a titin bakin kogi har ɗan ɗaga kafaɗa nake yi.

Da damina, in kogin Binuwai ya cika, manyan jiragen ruwa kan hauro da gishiri da kananzir su koma da gyaɗa. Kukansu kake fara ji daga nesa, can cikin hazon ruwa, kafin ka ga hayaƙi. A nan bakin kogi samarina suke yini. Da safe dako, da rana caca, da yamma abin da hannu ya kai. Babbansu Hamman, ɗan shekara goma sha bakwai, dogo, siriri, ba ya dariya. Shi aka kama da garwar kananzir ta sata, kuma da mai gadi ya riƙe masa riga sai ya juya ya zubar masa da haƙori.

Aka kai shi gaban alƙali, ni kuma ofis ya tura ni in saurara. Alƙalin nan tsohon Bafulatani ne daga Yola, kowa Modibbo yake ce masa. Siriri ne, muryarsa ƙasa-ƙasa, da wani farin rawani mai girma wanda ake hango shi tun kafin a hango mai shi. Kowa a kotun yana durƙushe, har mai gadin da aka daka. Hamman kaɗai ya tsaya ƙiƙam, ya harɗe hannu, yana kallon Modibbo ido cikin ido. Aka ce durƙusa, ya ƙi. Mahaifiyarsa, Dada, mai sayar da kindirmo, tana bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi. Shi kaɗai gare ta, mahaifinsa ya rasu.

Modibbo ya ce, "Garwa dai ta dawo, haƙori kuma Allah ya ba mai shi haƙuri. Amma yaron da gwiwarsa ba ta lanƙwasa wa kowa, gobe wuƙa zai ɗauka. A kai shi gidan horo."

Gidan horon nan tafiyar kwana biyu ce a mota, kuma waɗanda suka dawo daga can ba mu ga sun dawo da abin kirki ba. Na ji Dada ta saki wani ɗan sauti, ba kuka ba, kamar an taka ta. Ban san lokacin da na matsa gaba ba. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a ba ni shi. Zan koya masa dambe."

Modibbo ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Kai Kolejo," (haka Fulanin Yola ke kiran mu Barebari, kuma tsakaninmu da su akwai wasa tun kaka da kakanni, ba mai fushi da wani) "yaro ya cire wa mutum haƙori ɗaya, kai kuma za ka koya masa yadda zai cire sauran?"

Kotu ta yi dariya. Ni kuwa na zuba bayani, cewa dambe yana da doka, yana da ƙararrawa, fushin da ke cikin ƙirjin yaro a buhu zai ƙare ba a bakin mutane ba. Na yi magana har ni kaina na yarda da kaina. Modibbo ya ce, "Wata uku. Ni da kaina zan zo in gani. In na tarar da shi yadda na bar shi, mota na nan."

Na samu fili a Damilu, ƙarƙashin wasu mangwarori, inda ake hango kogi. Muka cika buhun gyaɗa da yashi muka rataya. Wani baduku ya ɗinka mana safar dambe ta mutum biyu da jar fata, ya cusa auduga. Ƙararrawa kuwa tsohon wilin mota ne da guntun ƙarfe. Samari shida na tara. Da asuba su yi gudu a bakin ruwa, ni ina biye a kan keke ina ihu. Da yamma in koya musu darasin da na haddace daga littafi da rana. In suka ce in sa safa in nuna musu, sai in riƙe wuyan hannuna in ce targaɗen Maiduguri ne bai sake ni ba.

Doka ɗaya na fi nanatawa, don a shafi na farko take: ɗan dambe ba ya sunkuyar da kai, ba ya kawar da ido daga abokin karawa, gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa. Kullum sai na faɗa. (Dubi wauta. Alƙali ya ba ni yaro don gwiwarsa ta ƙi lanƙwasa, ni kuma ina ƙara mata sanda.)

Amma wallahi kwanakin nan sun yi daɗi. Rana ta yi ja a kan ruwa, masunta suna jan taru can nesa, ƙarar buhu tana tashi tim, tim, ni kuma in jingina da mangwaro in tafi duniyar mafarki. In ga Hamman a Ikko, in gan shi a Landan, fitilu farare, ni a kusurwa da tawul a kafaɗa, ana faɗin sunana a rediyo, mahaifina a Limawa ya ajiye alƙalami yana saurare. Wani lokaci ma sai in cire Hamman daga mafarkin in sa kaina. Sai wani ya ce, "Malam, mun gama ɗari ɗin," in farka in ce su ƙara hamsin.

Hamman ya fasa buhu uku a watan farko. Yana dukan buhun kamar wani ne da ya yi masa laifi. In ya gama sai ya zauna ya zuba wa kogi ido, ƙirjinsa na sama da ƙasa. A wata na biyu ya daina fasawa. A na uku na ji shi yana dariya, har na waiwaya in ga baƙon da ya zo. Ya daina zuwa wurin caca, don in ya yi gudun asuba da dako da dambe, barci kawai yake nema. Dada ta riƙa aiko mana da kindirmo a ƙwarya. Ranar da muka haɗu a kasuwa ta yi mini godiya da Fulatanci, ta ce, "Useko, Malam. Yanzu yana kwana a gida." Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce.

Da wa'adi ya cika, na shirya wasa na musamman don Modibbo. Muka kafa turaku huɗu, muka zagaye da igiyar shanu, aka share fili aka yayyafa ruwa. Shirina shi ne Hamman ya kara da Garba, wanda shi kaɗai ke iya tsaya masa, a yi turmi uku cikin ladabi, a gaisa, alƙali ya ga tarbiyya. Sai da safiyar Asabar ɗin aka ce mini uban Garba ya tafi da shi Mbamba yankan shinkafa. Na dubi sauran huɗun. Ɗaya ya ce ciki, ɗaya ya ce haƙori, biyu suka ce su dai gaskiya suna son ransu.

Jama'a kuwa sun cika. 'Yan dako, masunta, ma'aikatan ofishinmu, har mahauta sun zo da makaɗinsu, don su dambe gadonsu ne, sun zo su ga wannan na masu safa. Modibbo ya aiko cewa sai ya yi la'asar zai iso. Mutane suka fara gajiya. Sai masinjan nan namu, Allah ya yafe masa, ya ɗaga murya ya ce, "To ga zakaran Maiduguri a zaune, me ake jira?"

Makaɗi ya ɗauka. Kalangu ya shiga kiran "zakaran Maiduguri, zakaran Maiduguri," fili ya amsa. Na riƙe wuyan hannuna zan kawo zancen targaɗe, amma kiɗan nan ya riga ya shige ni. Ban taɓa jin an kira ni da kalangu ba. Na ce a raina, turmi ɗaya kawai, kafin alƙali ya zo. Na tuɓe riga (ƙirjina a lokacin, in ka ga allon wanki ka gan shi), aka ɗaura mini safa, karo na farko a rayuwata. Nauyinta ya ba ni mamaki.

Hamman ya matso ya ce a hankali, "Malam, a bari mana."

Na ce, "Tsoro kake ji?"

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Na ce, "Doka ta farko!" Ya ɗago.

Aka buga wili. Na fara rausaya irin ta silima. Na kai hagu, ya kauce. Na kai dama, ya tare da safa. Bai rama ba, sai ja da baya yake yi. Kowane mai hankali zai gane abin da ke faruwa, amma ni na ɗauka tsorona ne ya kama shi. Daga nan Damilu ta ɓace mini. Mangwarori suka zama fitilu, ihun 'yan dako ya zama na Turawan Landan, ƙafafuna ba sa jin ƙasa. Na ji har ƙamshin wani wuri da ban taɓa zuwa ba. Na kora Hamman har bayansa ya taɓa igiya. Na ce yau ga ranar naushin shafi na goma sha biyu, wanda na shekara ina yi wa madubi. Na ja dama tun daga bayan kunne, na tattara duk abin da Allah ya ba ni, na rufe ido, na saki.

Abin da ban gani ba shi ne, Modibbo ya iso. Jama'a sun buɗa masa hanya, ya tako har bakin igiya, daidai bayan Hamman, ya yi sallama da muryar nan tasa. Hamman ya ji muryar. Ya juya, ya zube ƙasa a kan gwiwa biyu, ya sunkuyar da kai yana gaisuwa.

Naushina ya wuce ta inda kan Hamman yake ɗazu, ya tsallake igiya, ya sami wani abu mai laushi. Na ji a raina, shi ke nan, na kayar da shi. Har na ɗaga hannu sama. Sai na lura kalangu ya yi shiru.

Na buɗe ido. Ga Modibbo tsaye a gabana, kansa ba komai sai 'yar farar hula da ta karkace. Rawanin ya tashi, ya warware a iska, ya sauka cikin bokitin da muke wanke baki. Tsawon rayuwata ban ji shiru irin wannan ba. Can nesa wani jirgi ya yi kuka, na roƙi Allah ya sa ni a cikinsa.

Na faɗa kan bokiti zan ciro rawanin, safa ta hana. In kama ya zame, in kama ya zame, ina ta dama shi cikin ruwa kamar mai wanki. Sai na hango Dada a bayan taro ta ɗora hannu biyu a ka. A nan ne abin ya daina zama abin kunya kawai. Na ce na kashe yaron nan. Wata uku yana gudu da asuba, ya bar caca, ya koma gida, ni kuma da son a yaba mini na sa shi a mota da hannuna.

Hamman ne ya kwance igiyar safarsa da haƙori, ya zare hannu, ya ciro rawanin, ya matse, ya ninke, ya koma ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Modibbo ya karɓa. Ya gyara hularsa a natse. Ya shafa gefen kansa ya ce, "Kolejo, da wannan ka kayar da soja? Ai jikata in tana mini tsifar gemu ta fi haka zafi."

Wani ya ƙyalƙyale, sai fili ya ɗauka. Har mahauta suna riƙe ciki. Modibbo ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce, "Tsakaninka da Allah, ka taɓa dambe?"

Na durƙusa, safa a hannu, ruwa na ɗiga. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, yau ne farko."

Ya juya wurin Hamman. "Kai ka san haka?"

Hamman ya ce, "Tun ranar farko, Allah ya gafarta Malam. In zai nuna mana naushi, rufe ido yake yi. Duk mun sani."

"Me ya hana ku faɗa?"

"Malaminmu ne."

"Na tsaya can baya na ga yana ta kai maka duka. Me ya hana ka ramawa?"

Hamman ya ƙara sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Ranar kotu kowa ya yi shiru. Shi kaɗai ya ce a ba shi ni."

Wallahi na gwammace a ce naushi ya kai mini. Wata uku ina ɓoye littafi a hannun riga, ina riƙe wuyan hannu ina cije baki, ashe yara shida suna kallona suna rufa mini asiri. Ni ina tsammanin ni nake riƙe da su. Hawaye suka zo mini, ga safa, ba halin sharewa.

Modibbo ya daɗe yana kallon Hamman. Sannan ya ce, "Yaron da na bayar ba ya durƙusa wa kowa. Wannan kuwa ana tsakiyar faɗa ya ji muryar babba ya kai gwiwa ƙasa, ana dukansa ya riƙe hannunsa. Ba shi da abin yi a gidan horo. Dada, ɗanki naki ne." Dada ta zauna daɓas a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya juyo kaina. "Kai kuwa, da ba Babarbare ba ne, da yau ka kwana a ɗaure. Amma wa zai kai bawansa ƙara? Ga hukuncinka. Ka wanke rawanin nan ka kawo mini Yola da ƙafarka. Wurin nan kuma kada a rufe shi. Yaron ya koyar, kai ka riƙa ɗebo ruwa."

Haka aka yi. Na wanke rawani, na sa bula, na kai wa mai guga, na taka har Yola, yara na bina suna dafe kai. Wurin Damilu ya daɗe yana aiki, samari da yawa sun bi ta ƙarƙashin mangwarorin nan, Hamman na koyarwa, ni ina bokiti da buga wili. (Wilin kam na iya shi, ba wanda ya taɓa kushe mini.)

Bayan an kwana biyu na tambayi Hamman, don abin yana cina. Na ce, "Ni na ce maka gwiwar ɗan dambe ba ta taɓa ƙasa. Wa ya ce ka durƙusa?" Ya ce, "Malam, ba wanda ya ce. Da can fushi ne ke riƙe ta. Na bar shi a buhu, sai ta tafi da kanta."

Darasin da na koya ba mai tsawo ba ne. In aka tambaye ka ko ka iya abu, ka ce eh ko ka ce a'a, ka rabu da "na ɗan taɓa." In kuwa dole sai ka kai naushi, to don Allah ka buɗe ido. Hamman yanzu shi ma ya yi furfura, yana da jikoki, amma duk inda muka haɗu sai ya kai gwiwa ƙasa ya gaishe ni. Ni kuma kafin in amsa, sai na mai da hannuwana baya na duba ko akwai mai rawani a kusa.